Inda Ruwan Marmaro Ke Fitowa

Daga Dekimus Numisiyus, a gona, bakin tafkin Tarasimen, zuwa ga Numisiya 'yar wansa, a Ostiya.

Yau ashirin ga Agusta. Kwana tara ke nan da na faɗi a gindin rumfar inabi, sai jiya na iya taka ƙafar hagu ban zagi kowa ba. Tarin yana nan yadda kika san shi. Idon dama yanar ido ta rufe shi, na hagu yana ganin rubutu in rana ta take na kuma kai hancina kan takarda. In ke da maigidanki Kalenus da yaran kuna lafiya, to na samu rabin tawa.

Firmus mai alfadarai zai kawo miki kwandon busasshen ɓaure, da cuku biyu, da wani ƙunshi a cikin ɗanyen ganye. Kada ki kwance ƙunshin sai kin kai ƙarshen wannan takarda.

Kina da shekara tara mahaifinki ya rasu, dangin uwarki suka tafi da ke. Abin da kika sani nasa bai wuce abin da masu sayar da littafi suka sani ba: Aulus Numisiyus, mai littafin Idanun Ruwa, naɗin takarda tara. Ni kuwa na san shi tun muna shan tsumagiya ɗaya a gaban malami ɗaya a Perusiya. Lauya ne da fari. Wata rana a Roma yana tsakiyar kare wani a shari'ar iyakar gona, sai shaida ya ambaci wata magudana. Yaya ya tsaya cak ya ce, “Malam, ruwan nan daga ina yake zuwa?” Suka shiga hirar ruwa, alƙalai na kallo, har lokacinsa ya ƙare. An kayar da shi. Bai sake taka kotu ba. Shekara talatin ya yi yana yawo a ƙasar Italiya da sanda da ƙoƙo, yana ɗanɗana marmaro, yana tambayar makiyaya sunansa da halinsa.

Ran da ya karanta naɗin farko a wani zauren haya, mutum arba'in aka gayyata. Sha ɗaya suka zo, uku suka yi barci, ɗayansu baffanki ne. Yanzu an ce har malamai na ba yara shi su koyi Latin mai tsabta. Haka rubutunsa yake, kamar ruwan dutse, kana ganin tsakuwar ƙasa. Yakan wuni kan jimla ɗaya, da yamma ka tarar kalma guda ya cire, yana murna kamar wanda ya kashe zaki.

Abin da ba a sani ba, akwai naɗi na goma. Na marmaron bayan gidan nan ne, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ya yi taku arba'in a fili, ya faɗa rami ya ɓace. Ba wanda ya san inda yake sake fitowa. Duk shekara mahaifinki yakan zuba ƙaiƙayi a ramin, ya bi ƙauyuka yana tambaya ko an ga ƙaiƙayi a ruwa, har aka fara yi masa dariya a kasuwa. A ciwon ajalinsa hannunsa ya kasa riƙe alƙalami da tawada, sai ya rubuta shi da tsinken ƙarfe a kan allunan kakin zuma guda shida. Biyar ya karanta mini. Na shida ya rufe shi da murfi, ya ɗaure da zare, ya buga masa zobensa, wannan da ke yatsana yanzu.

Ya ce, “Wannan na yarinyar ne. Ka ba ta ran da ta yi gidan kanta. In ka leƙa, Dekimus, zan sani.”

Na ce, “Yaya, a can ma sai ka sa mini ido?”

Ya ce, “A can wane aiki gare ni?”

Ban leƙa ba. Amma ban ba ki ba, ga shi shekararki sha ɗaya a gidanki. Ban kuma kai a juya su a takarda ba. Shekara sha tara suna ɗakin sanyi na bakin marmaro, ina zuwa ina bin layukan da yatsa, don a nan kaɗai hannunsa ya rage a duniya. Rowa ce, 'yata, ba ta da wani suna. Faɗuwar nan ce ta tsorata ni. Hilara, tsohuwar da ke mini girki, ta ce, “Maigida, ran da ka mutu da kakin nan zan liƙe bakin tuluna.” Wasa take yi, amma wanda zai sayi gonar ba zai yi wasa ba.

Allunan nan shida ne a cikin ƙunshin. Ki kai biyar ɗin Roma wurin mai juyin littafi wanda ba ya gaggawa, a yi juyi uku. Na shida naki ne. In kin ga dama, abu ɗaya za ki faɗa mini daga ciki: ko ya gano inda ruwan ke fitowa.

Ki zauna lafiya.

Daga Numisiya zuwa ga baffanta Dekimus. A kan allo. Ashirin da bakwai ga Agusta.

Baffa, muna lafiya, sai autan da ke fitar da haƙori ya hana gida sakat. Firmus ya ce ka faɗi. Me ya kai ka rumfar inabi? Ba ka da wanda za ka aika ne, ko taurin kan gidanmu ne?

A tsaye nake rubutu. Firmus na bakin ƙofa yana cewa alfadaransa ba su san jira ba, jiragen ruwa na alkama daga Masar sun cika tasha, Kalenus rabona da ganinsa zaune tun shekaranjiya. Cukun har an cinye ɗaya. Ɓauren na ajiye wa yara zuwa sanyi.

Wace irin doguwar wasiƙa ce wannan, Baffa? Allo shida, kuma ba ko gaisuwa! Daga marmaro sai marmaro. Na karanta wa Kalenus kaɗan yana cin abinci, ya ce, “Tsohon nan ya fara koyi da wansa, ki yi hankali kada ya ɗauki sanda da ƙoƙo.” Na ce ya bar min baffana, shi da bai san komai ba sai mudun awo. Gaskiya ta yi daɗi, har na ji sanyin wurin a ƙafata. Na ƙarshen nan da ka ɗaure shi dabam ka buga zobe, na zaci wani sirri ne, ashe tatsuniya ce kake min irin ta da. Ka sa na yi dariya, ka kuma kusa sa ni kuka, ban san dalili ba.

Takarda ta ƙare a gidan, don haka na shafe allunan na mayar maka da amsa a kai kamar yadda aka saba. Kakinka ya tsufa ya yi tauri, gindin tsinke ya kasa shafe shi, sai da na kanga su a bakin murhu. Biyu na rubuta, sauran huɗun na gyare maka sumul, ka samu wurin amsa. Amma ka taƙaita, don alloli, ka kuma faɗa min yadda ƙafar take, tunda a duk allo shidan ba ka ambace ta ba.

A gaida Hilara. Ka sha zuma saboda tarin.

Daga Dekimus zuwa ga Numisiya.

Biyar ga Satumba. Ƙafa da sauƙi, ina kai wa marmaro da sanda. Abinci ne ba ya shiga, kwana uku ke nan.

'Yata, ki juye kwandon ɓaure. Akwai takarda a ƙarƙashi. Ki karanta ta a zaune.

Da Firmus ya miƙo mini allunan na kai yatsa kamar kullum, sai na ji santsi, kamar na shafa fuskar tafki. Na fita rana na karanta wasiƙarki sau biyu. Daga nan na kira Hilara na ce, “Takardar da na ba ki ki ɗora a kan kaya, ina kika sa ta?”

Ta ce, “Ƙarƙashin ɓaure mana. Ka so ruwa ya jiƙa ta a hanya? Ko Firmus ya goge hannu da ita?”

Na faɗa mata abin da ya faru. Ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe kai. Can ta ce, “Ka dake ni, maigida.” Na ce da wane hannun? Muka zauna nan kamar kaji biyu a ruwan sama.

Kada ki ɗora wa kanki. Ni da mahaifinki malami ɗaya ya gyara mana hannu da tsumagiya ɗaya, ko uwarmu ba ta rabe rubutuna da nasa. Zoben kuwa shekara sha tara kina ganinsa a wasiƙuna. Wanda aka aiko wa allo, shafewa yake ya ba da amsa, haka kowa yake yi tun kafin a haife mu. Mai laifin shi ne wanda ya ajiye littafi a kan kaki shekara sha tara, ga takarda ana sayarwa a Perusiya.

Na tuna tsinke yakan ratsa kaki ya karce itace, sai na kankare allo na shida har ƙasa. Akwai zane, amma allunan tsofaffi ne, da su mahaifinki ya yi yawonsa duka. Rubutun shekara talatin ne wani bisa wani, kamar sawun tumaki a bakin rijiya. Na wuni ina lalube. Na tsinci rabin sunan wani kogi da kalmar gishiri. Shi ke nan.

Biyar ɗin farko na zaci suna kaina. Na zauna bakin ruwa na fara karantowa da ka, farkon ya zo tsaf: “Na sha daga marmaro ɗari uku da sittin, ban tambayi ko ɗaya inda za shi ba, sai wanda aka yi mini wankan farko da shi.” Na bi har wurin da yake faɗin yadda ni da shi muka kwanta rub da ciki muka kara kunne a ramin, muka ji kamar ana hira a wani ɗaki can ƙasa. Daga nan hanya ta ɓace. Na san akwai uwarmu tana wanke ulu, akwai shekarar fari da marmaro ya koma kamar zare, amma wanne ke gaba, da waɗanne kalmomi? Jiya ina da wata jimla kan tsuntsayen da ke sha da asuba. Yau na neme ta, ta tashi.

Da tsakar rana gyangyaɗi ya ɗauke ni a wurin. Na ga mahaifinki zaune a kan dutse yana yaro, amma da furfurarsa, yana rubutu da yatsa a kan ruwa. Na ce, “Yaya, ba zai zauna ba.” Ya ce, “Ka yi shiru, ana karantawa a ƙasa.”

Ke kaɗai ce mai rai da ta ga allo na shida. Duk abin da ya maƙale a ranki, ko kalma ɗaya ce, ki rubuto kafin hayaniyar gida ta cinye shi. A takarda.

Daga Numisiya zuwa ga baffanta. Ashirin ga Satumba.

Baffa, kowa lafiya. Ni ce ban san yadda nake ba.

Tun kafin wasiƙarka ta iso da kwana huɗu na ga takardar. Babban yaron ne ya kifar da kwandon yana satar ɓaure. Na karanta a tsakar gida, na je na tsaya gaban murhun nan ina kallonsa. Sau uku na ɗauki alƙalami ina ajiyewa. Kalenus ya ce, “Ai tara sun ishi kowane mutum suna.” Ban yi masa magana ba kwana biyu. Daga baya shi ya je da kansa ya sayo takarda mai kyau, naɗi guda cur, ya ajiye a gefena.

Ashe ubana ya yi min magana sau ɗaya bayan shekara sha tara, na saurare shi a tsaye, ina leƙen tukunya.

Ga abin da ya rage. Ya fara da “'yata”, yadda kake farawa. Ya ce ina da shekara biyar na jefa takalmina ɗaya, ja, a ramin, don in taya shi aikin ƙaiƙayi, uwata ta mare ni. Wannan na tuna shi da kaina, har zafin marin. Ya ce bayan shekara biyu, a tafiyar kwana uku daga gida, ya sauka wani ƙauye mai gada mai baki biyu. Akwai marmaro a gindin tudu da mutanen wurin ke bauta wa, suna cewa a nan aka haifi ruwan, bai taɓa ganin rana a wani wuri ba. A jikin ɗakin bautar ya ga jan takalmin yaro a rataye. Wata mai wanki ta ce ruwa ne ya haifo shi wata safiya, tun daga nan mata masu neman haihuwa ke zuwa suna shafa shi. Ya ce ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sai ya rufe. Bai sa a littafi ba, don kada ya ƙwace musu abinsu. Ya ce in na girma in je in gani, in gaida takalmina, kada in ɗauko.

Ya gano, Baffa. Ya faɗi sunan ƙauyen, sau ɗaya, a layin ƙarshe. Na juya kaina ciki da waje, babu. Ko gabas ne ko yamma ban riƙe ba.

Zan zo. Kalenus ya yarda, ƙanwarsa za ta riƙe yara. Zan iso kafin sha uku ga Oktoba, mu yi bikin idanun ruwa tare, mu jefa furanni. Ka zauna a kan dutsen kana faɗa ina rubutawa, in mun kai na shida ni in faɗa. Wataƙila in na sa ƙafa a ruwan sunan ya dawo. Ka riƙe abin da ke kanka da kyau. Ka ci abinci. Ka ce wa Hilara ni da ita mun raba laifin biyu, kada ta cinye ita kaɗai.

Daga Dekimus zuwa ga Numisiya.

Sha huɗu ga Oktoba. Tari ya sauka ƙirji, Hilara na dafa min wani ganye mai ɗaci da ta rantse ya tashi kakanta.

Wasiƙarki na karanta ta har ta fara yagewa a naɗin. Ashe ya sani. Shekara biyu kafin ya mutu ya sani, yana zaune da ni muna cin abinci, kuma duk shekara ya ci gaba da zuba ƙaiƙayinsa ana masa dariya. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Hilara ta ce, “In mutuwa za ka yi ka bari in gama shara.”

Ban iya jiranki ba, 'yata. Kullum na wayi gari sai in tarar an yashe min wani abu. Don haka na ɗauko tsofaffin takardu na juya bayansu, ina rubutawa da tsakar rana, harafi kamar ƙafar kaza, layi goma a wuni. Inda kalmarsa ta zo na sa. Inda ta ƙi na sa tawa, sannan na yi abin da yake yi, na koma na cire rabi. Yanzu in na karanta ban san ina ya tsaya ina na fara ba. Na karanta wa Hilara wurin uwarmu da ulu, ta ce, “Wannan shi ne, ko shakka babu.” Wurin nan kuwa ni na ƙaga shi shekaranjiya. Ban faɗa mata ba.

In mai juyi ya tambaya, ki ce masa gaskiya: na Aulus ne, ta bakin ƙanensa, bayan wuta ta taɓa shi. Na bar fili kamar tafin hannu biyu a ƙarshe. Ki cike da hannunki yadda kika rubuto min, kada ki ƙawata. Sunan ƙauyen kuwa, ko ya dawo miki, ki bar shi a bakinki. Shi ma bai so ya shiga littafi ba. Naɗin yana saman kwando wannan karon, ni na ɗaure shi da kaina. Alluna biyun da kika yi rubutu a kai na mayar da su ɗakin sanyi. Ba zan shafe ba.

Jiya aka yi bikin. Hilara ta kitsa furanni kashi uku, ta yi waina da zuma, ta share ɗakin uwarki ta shimfiɗa bargo. Tun hantsi na sa aka kai min kujera bakin hanya. Duk ƙurar da ta taso sai in miƙe. Masu kai inabi matsa ne, sai wani soja da jaki. An ce ruwan sama ya cinye hanya ta wajen kudu, an kuma ce zazzaɓi ya shiga Ostiya. Na zaɓi in yarda da maganar hanya.

Da rana ta karkata muka gangara mu biyu. Ta jefa nata, na jefa nawa, suka yi taku arba'in ɗinsu suna juyi, ramin ya karɓe. Na cire takalmina na hagu, na ƙafar da ta kayar da ni, na sa a ruwa. Hilara ta ce, “Wannan ko bakararriya ba za ta shafa shi ba.” Ya ɗan tsaya a bakin ramin, sannan ya shige. In wata rana kin kai ƙauye mai gada mai baki biyu, ki duba gefen jan.

Furanninki na riƙe su har tafki ya yi duhu-duhu. Suna nan rataye a ƙofa, wainarki na rufe a akushi. Ba ki zo ba.